Mutuwar ƙafa da tangaɗi cikin duhu: a gaggauta zuwa likita

A garuruwanmu akwai masu kukan cewa tafin ƙafarsu ya mutu. Wani ya ce kamar tururuwa ke yawo ciki, wani ya ce kamar bisa auduga yake takawa. Takalmi ya fita bai sani ba. Da rana yana tafiya yana kallon ƙasa, in dare ya yi sai tangaɗi. Akan ce tsufa ne, ko sanyi, ko sammu ya taka. Alhali sau da yawa ciwon yana cikin laka.

Laka ita ce farar igiyar da ke cikin ƙashin baya. Ta cikinta jijiyoyi ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda ƙafa ta taka. In hanyar ta lalace, sai mutum ya dogara ga idonsa kaɗai. Shi ya sa duhu ke kada shi.

Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ƙarancin bitamin B12. Ana samun shi cikin nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Babu shi cikin gero, dawa ko wake. Hantar mutum tana ajiye shi har shekara 3 zuwa 5, saboda haka ciwon a hankali yake shigowa. Wasu kuma suna cin nama, amma cikinsu ba ya iya tsotse bitamin ɗin, musamman tsofaffi da masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin. Tsohon tunjere da tarin fuka na ƙashin baya su ma suna taɓa laka.

Lokotoro zai sa majinyaci ya tsaya ya haɗa ƙafafu ya rufe ido, ya ga ko zai karkata. Zai ɗora wani ƙarfe mai rawa bisa idon sawu, ya tambaye shi ko yana ji. Sannan a auna jini. In da bukata, a tura shi babbar asibiti, kamar ta Damagaram ko ta Yamai, a ɗauki hoton baya.

Kowane dalili da maganinsa. Ƙarancin B12 allura ake yi masa, wasu har iyakar rayuwarsu. Tunjere yana jin penisilin. Tarin ƙashi kuwa sai an sha magani watanni da yawa babu fashi. A kiyayi ƙwayoyin ƙarin jini na ƴan tebur: wasunsu suna gyara jini, laka kuwa tana ci gaba da lalacewa.

Wanda ya zo da wuri yakan samu sauƙi sosai. Wanda ya yi jinkiri yana iya gamawa da sanda. Mai irin wannan ciwo kada ya je gona ba takalmi, ya riƙa duba ƙafarsa kowane marece saboda ƙaya da ƙuna. Magidanta kuma, kada a kai nono da ƙwai duka kasuwa, a rage wa iyali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.