Yadda Intanet Mai Ƙarfi Ke Isowa Sabon Shago a Kwarin Rima

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Acida da Wurno da Goronyo, ko kuwa wadda ta nufi Raba, zai lura da wasu irin shaguna waɗanda babu su a da. Akwai masu na'urar POS da ke ba mutane kuɗi hannu, akwai wuraren yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, musamman tun shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta dungurungum kan kwamfuta. Har dillalan albasa da tafarnuwa ta waya suke aika hoton kaya Kudu, ta waya kuma ake turo masu kuɗi. Jarin irin waɗannan sana'o'i bai tsaya ga kanta da kujeru ba. Idan babu intanet, shagon a rufe yake ko da ƙofarsa a buɗe take.

Wani tsohon ɗalibina ya kama shago a ɗaya daga cikin garuruwan nan, ya biya hayar shekara, ya yi fenti, ya jera kwamfutoci shida. Sai da ya gama duk wannan sannan ya gano cewa sabis ba ya shiga cikin shagon sai a bakin ƙofa. Tambayoyin da ya zo mani da su ne asalin wannan maƙala. Ni dai fannina ilmin halittu ne, to amma, kamar yadda mai karatu zai gani, matsalar tasa tana da dangantaka da wata ƙa'ida da muke koyarwa a aji.

Ƙa'idar Mafi Ƙaranci

A shekarar 1828 wani masani Bajamushe mai suna Carl Sprengel ya bayyana wata ƙa'ida game da girman tsiro, daga baya Justus von Liebig ya yayata ta har ta ɗauki sunansa. Ƙa'idar ta nuna cewa sinadarin da ya fi ƙaranci a cikin ƙasa shi ke ƙayyade girman shuka. Alal misali, idan gona ta rasa naitirojin, ko buhu nawa na fosfaras manomi ya zuba, shinkafar ba za ta wuce inda naitirojin ɗin ya tsayar da ita ba.

Manoman rani sun san wannan ta wata fuskar. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan kogin Rima, an gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Amma manomin da ke can ƙarshen fili, abin da ƙaramar magudanar da ke kusa da shi ta iya ɗauka shi ne kaɗai zai shiga fangalinsa. In ta toshe da ciyawa, cikar madatsar ba ta amfane shi da kome ba.

Haka al'amarin intanet yake. Abin da ake kira intanet mai faɗin hanya, ko mai ƙarfi, shi ne wanda hanyarsa ke iya ɗaukar bayanai masu yawa a cikin daƙiƙa guda. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne megabit a daƙiƙa. Tsarin da gwamnatin tarayya ta fitar na shekarun 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane, megabit 10 kuma a karkara. Don a ga bambancin, a ɗauki bidiyon darasi mai nauyin gigabayit 1, watau megabit 8,000. A hanya mai megabit 10 zai sauka cikin daƙiƙa 800, minti 13 da 'yan kai ke nan. A hanya mai megabit 1 kuwa sai an jira fiye da awa 2.

Tafiyar Saƙo

Yawancin bayanan da muke nema a intanet suna ajiye ne a manyan kwamfutoci da ke Turai da Amurka, ko kuma a Legas. Wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku su ke haɗa mu da ƙetare. Wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 suka biyo a 2010, WACS a 2012, sannan Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas a 2022. A ranar 14 ga Maris, 2024, da dama daga cikin wayoyin suka tsinke lokaci guda a tekun da ke daura da ƙasar Kwaddibuwa, aka kwana biyu bankuna da 'yan kasuwa suna shan wahala, har da mai POS na ƙauye wanda bai taɓa ganin teku ba.

Waɗannan wayoyi ba na tagulla ba ne. A cikinsu zaren gilashi ne mai tsabtar gaske, wanda ake kira faiba, kuma haske ne ke ɗaukar saƙo a cikinsa ta hanyar walƙawa da ɗaukewa. Tsakiyar zaren, inda hasken ke bi, faɗinta kimanin maikiromita 9 ne. Ɗalibin da ya taɓa leƙa jan ƙwayar jini a madubin ƙara girma ya ga abu mai faɗin maikiromita 7 zuwa 8, don haka kusan girmansu ɗaya. An lulluɓe tsakiyar da wani gilashin daban, ta yadda duk lokacin da haske ya nufi gefe sai ya dawo ciki. Masanin da ya nuna a 1966 cewa hakan zai yi amfani wajen sadarwa mai nisa, Charles Kao, ya sami lambar Nobel a 2009. Gudun haske a cikin zaren ya kai kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa. Jijiyoyin saƙo mafi sauri a jikin ɗan Adam kuwa mita 120 kacal suke yi a daƙiƙa. Watau kafin zafin ƙayar da ta soki ƙafarka ya isa ƙwaƙwalwarka, haske ya gama tafiyar kilomita 1,000 da ke tsakanin Legas da Sakkwato, ya kuma koma.

Ashe ke nan nisa ba shi ne babbar matsala ba. Daga Legas manyan wayoyin faiba suna bin gefen tituna zuwa manyan birane. Inda hanya ke ƙuntata shi ne daga birni zuwa ƙananan garuruwa, saboda tsadar aikin. Kuɗin izinin haƙa gefen titi da aka daidaita a kai tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi naira 145 ne a kowace mita, watau naira 145,000 a kilomita guda, ban da kuɗin haƙa da na wayar kanta. Kamfani ba zai ja waya zuwa garin da bai hango masu biya da yawa ba. Shi ya sa turakun sadarwa da dama a karkara ba da waya aka haɗa su ba. Idan ka ɗaga kai ka ga wani abu mai kama da ganga a jikin turke, to eriya ce da ke jefa saƙo kai tsaye zuwa wani turken, kuma dole su riƙa hangen juna. Turke ya miƙa wa turke har a tarar da faiba. In ɗaya ya tsaya don rashin man dizal, waɗanda ke bayansa duk sai su yi shiru.

Zango na Ƙarshe

Mai sabon shago yana da hanyoyi uku. Ta farko ita ce a jawo masa faiba har cikin shago. Ita ce mafi inganci, amma da wuya ƙaramin ɗan kasuwa ya same ta a wajen babban birni, don haka ba za mu daɗe a kanta ba.

Ta biyu, wadda mafi yawan mutane ke bi, ita ce rauta mai ɗaukar layin waya, wadda ke karɓar saƙo daga turke ta raba wa kwamfutoci. A nan ne ɗalibin nawa ya yi tuntuɓe. Igiyoyin rediyo iri-iri ne. Masu ƙarancin kaɗawa, kamar megahaz 800 ko 900, suna tafiya nesa kuma suna ratsa bango. Masu yawan kaɗawa, kamar megahaz 2,600 ko 3,500, sun fi ɗaukar bayanai amma ba su da nisan zango, kuma abu kaɗan ke tare su. Ƙarfe yana mayar da igiyar rediyo baya kamar yadda madubi ke mayar da haske. Shagon da ke da rufin kwano da ƙofar ƙarfe da tagar ƙarfe, kusan akwati ne aka rufe. Katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajenmu na gargajiya, wadda ke hana zafi shiga, ita ma tana rage ƙarfin sabis.

Akwai kuma itatuwa. Ruwa yana shanye waɗannan igiyoyi, ɗanyen ganye kuwa mafi yawan nauyinsa ruwa ne. Saboda haka jerin dogon yaro da ke tsakanin shago da turke na iya rage sabis, kuma ragin ya fi yawa da damina, sa'ad da ganye ya cika ya jiƙe. Ba ina cewa a sare itace ba, domin a ƙasa irin tamu inuwar bishiya guda ta fi megabit da yawa daraja. Maganin shi ne a ɗaga eriya a kan dogon bututun ƙarfe a waje, ta fuskanci turken, a jawo waya zuwa rautar da ke ciki.

Wani abin da mutane kan manta shi ne, turke ɗaya kowa yake sha, kamar rijiyar unguwa. Sandunan da ke fuskar waya ƙarfin sigina kawai suke nunawa, ba su faɗin yawan masu ɗiba. Ranar kasuwa, ko bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya koma kan wayarsa, sanduna na iya cika amma saƙo ya ƙi tafiya.

Hanya ta uku ita ce tauraron ɗan Adam. Tsofaffin taurarin sadarwa, irin su NigComSat-1R da aka harba a 2011, suna can kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Kafin tambaya ta je amsa ta dawo, saƙo zai yi wannan tafiya sau 4, kimanin kilomita 143,000, abin da ke cin kusan rabin daƙiƙa. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, suna kimanin kilomita 550 ne kawai, don haka jinkirin ya ragu ainun. Amfanin wannan hanya shi ne ba ta dogara da turken gari ba. Mutanen yankin nan sun san muhimmancin haka, domin a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, ciki har da Raba da Goronyo. Sai dai kayan suna da tsada, farantin yana bukatar sarari ba tare da bishiya ko gini ya kare shi ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana raunana shi. A ganina, shago ɗaya ƙarami da wuya ya ci ribarsa, sai wurin da ke da kwamfutoci da yawa kamar cibiyar jarrabawa.

Wuta, Zafi da Ɓera

Sau da yawa sinadarin da ya fi ƙaranci ba sabis ba ne, wutar lantarki ce. Rauta ba ta cin wuta sosai, abin da take ja bai fi na ƙwan fitila ɗaya ko biyu na zamani ba, kuma ƙaramin farantin sola da batir sun ishe ta. Amma ƙurar hunturu tana rufe fuskar farantin, sai a riƙa share shi. Da bazara kuma, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, batirin da aka ajiye ƙarƙashin kwano yana saurin mutuwa, domin zafi yana hanzarta haɗuwar sinadarai a cikinsa kamar yadda yake hanzarta lalacewar abinci. A ajiye batir da rauta inda iska ke ratsawa. Bututun eriya kuma a haɗa shi da ƙasa da waya mai kauri saboda tsawa.

Ɓera ma abokin gaba ne. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro muddin yana raye, kuma ɗabi'arsa ce gwaguyar duk abin da ya tarar, har da robar waya. Shagon da ke maƙwabtaka da rumbun hatsi ko wurin ajiyar shinkafa, wayoyinsa a cikin bututu ya kamata su bi.

Abin da na gaya wa ɗalibin nawa, wanda ya kamata ya yi tun kafin ya biya haya, bai fi aikin mako guda ba. Ya samo layukan kamfanoni biyu ko uku. Ya gwada saurin kowanne da manhajar awon sauri, a cikin shago da ƙofa a rufe, da kuma a kan rufi. Ya yi haka da safe, da rana, da dare, da kuma ranar kasuwa. Ya duba saurin aikawa kamar yadda yake duba na saukewa, tun da rajistar ɗalibai aika hotuna da bayanai ce. Da ya gwada, sai ya tarar a kan rufi sabis ɗin ya ishe shi. Bututu da eriyar waje suka raba gardama, ya kuma ajiye layi na biyu don ranar da na farko ya ɗauke.

Malaman kimiyya za su iya mayar da wannan gwaji aikin aji. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni wuri guda: cikin aji mai rufin kwano, ƙarƙashin bishiya, tsakiyar filin wasa, da bayan katanga. A yi amfani da waya ɗaya da layi ɗaya, a auna sau 3 a kowane wuri a ɗauki matsakaici, a rubuta rana da lokaci. A adana takardar, a sake awon a watan Agusta bayan ganye ya cika, sannan a gwada sakamakon biyu a kan allo.