Jijiyar gani: hoton cikin ido yana tona ciwo tun da wuri

A zagayen da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, mukan tarar da dattijo yana karanta baƙaƙen allo daidai, amma in ya tashi fita sai ya yi karo da ƙyaure, ko ya yi tuntuɓe da turmi. Abokan karatu su yi dariya, su ce tsufa ne. Mu kam ba mu dariya, domin wani lokaci ciwon yana can bayan ido, a jijiyar gani.

Ido yana karɓar haske ne, ya miƙa saƙo ga ƙwaƙwalwa ta wata jijiya da ta fito daga bayansa. Ku ɗauke ta kamar igiyar guga: daga nesa abu guda ce, amma zaruruwa ne aka tufka, kuma na wannan jijiya sun haura miliyan 1. In igiya ta fara lalacewa, sili-sili take tsinkewa, mai jan ruwa bai sani ba. Sai dai igiya ana sayen wata a kasuwa. Zaren jijiyar gani in ya mutu, babu lokotoron da zai tashe shi.

Cutar da ta fi cin wannan jijiya ita ce wadda ake kira hawan jinin ido. Sunan yana ruɗi, domin ba jini ne ke hawa ba. Ruwan cikin ido ne ba ya fita yadda ya kamata, sai ya danne jijiya. Galibi ba ta zafi, ido ba ya ja. Ganin gefe take fara ci, ta bar na tsakiya sai ƙarshe, shi ya sa dattijon nan yake ganin allo amma ba ya ganin turmi. Ta fi kama baƙar fata, musamman daga shekara 40, kuma tana bin dangi. Kada a gama ta da yanar ido, wadda ake cirewa gani ya dawo.

To, yaya ake ganin abin da ke bayan ido? A 1851 wani masani na Jamus, Helmholtz, ya fito da madubin leƙa cikin ido. Jikar wannan madubi ita ce ƴar fitilar da lokotoro ke haska mana. Daga baya aka samu na'urar ɗaukar hoton cikin ido. A 1991 kuma masana a Amurka suka bayyana wata dabara mai suna OCT, wadda ke awon kaurin shimfiɗar zaruruwan da haske, alhali kaurin bai wuce na silin gashi ba. Ba ta taɓa ido, ba ta zafi, amma tana da tsada, sai a manyan birane.

A cikin hoto, kan jijiya mai lafiya zagaye yake, ja-ja, da ɗan rami a tsakiya. In zaruruwa suna mutuwa, ramin sai ya yi ta faɗi kamar bakin rijiyar da ke zabtarewa. In kan jijiyar ya kumbura, wataƙila matsi ne cikin kai, irin na ƙari ko sanƙarau, kuma wannan ba ya jiran gobe. In ya yi fari fat, zaruruwa da yawa sun riga sun mutu. Masu shan maganin tarin fuka ma su kula: ɗaya daga cikin ƙwayoyin, etambutol, yakan taɓa jijiyar, mutum ya kasa bambanta ja da kore. Wanda ya ga haka ya koma gidan likita nan da nan.

A ganinmu, awon matsin ido kaɗai bai isa ba, domin akwai masu matsi daidai amma jijiyarsu na lalacewa. Ku roƙa a duba jijiyar kanta, a sashen ido na manyan gidajen likita irin na Yamai da Damagaram. In an gano cutar da wuri, maganin ɗigawa na kullum ko aiki yakan tsare ganin da ya rage.

Ranar zuwa ku tafi da ɗan rakiya, kada ku tuƙa babur, domin maganin da ake ɗigawa a buɗe ƙwayar ido yana sa gani dishi-dishi na ƴan awoyi. In an ba ku hoton, ku adana shi tare da takardar haihuwa. Da shi lokotoro zai gwada na baɗi, ya ga ko ramin ya ƙaru.