Halvylle: Sunan da Suwidin ke bai wa yadin da aka saƙa da zare iri biyu

A harshen mutanen Suwidin, kalmar "halv" na nufin rabi, kuma da ita ake fara sunayen yadudduka da aka saƙa da zare iri biyu. Akwai halvylle, wato rabin ulu, da halvlinne, rabin lilin, da halvsiden, rabin siliki. Sunan da kansa yana shaida wa mai saye cewa abin da ke hannunsa ba zalla ba ne.

Wanda ya san aikin masaƙa zai gane dalilin haɗin nan take. Zaren da ake miƙewa a tsaye shi ke shan ja da gugar kwarkwaro, don haka dole ya kasance mai ƙarfi. Abawar da ake ratsawa a kwance kuwa ita ke ba yadi kauri da laushi. A halvylle, zaren tsaye na lilin ne ko auduga, abawar kuma ta gashin tumaki ce. Ta haka iyalan karkara suka riƙa samun tufa mai ɗumi ba tare da sun ƙarar da ulun da suke da shi ba. Wani nau'insa da ake kira verken an daɗe ana ɗinka siket da shi, kuma har yau ana ganin sa a kayan gargajiyar ƙasar. A ƙarni na 19, da zaren auduga na inji ya yi araha, sai ya karɓe gurbin lilin a wurare da dama.

Wannan ya bambanta da haɗin zamani, inda galibi ake cuɗa auduga da poliyesta tun kafin a kaɗa zaren. A nan ne matsalar take, domin abin da aka cuɗa a cikin zare guda yana da wuyar rabawa idan tufa ta tsufa.

Daga 1 ga Janairun 2025, dokar Tarayyar Turai ta wajabta tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara. A birnin Malmo an kafa masana'antar Siptex domin amfani da haske wajen tantance irin zaren da ke cikin kowane ƙyalle. Kamfanin Södra kuma, a masana'antarsa ta Mörrum, yana raba auduga da poliyesta domin a sake sarrafa audugar.