Mako Ɗaya a Ɗakin da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Idan aka haƙe dankalin turawa a Bonkuku, motoci suka kwashi buhuna suka bi ta Baleyara zuwa Yamai, kuɗi kan ɗan zauna a hannun mutanen Imanan. Haka ma lokacin da ƴan cin rani na Kurfai suka fara aiko abin da suka tara daga Abijan, Kumasi ko Legas. Ƴan damfara sun san wannan lissafi sarai, kuma hajar da suka fi so ita ce wadda mai saye ba zai iya ɗagawa ya juya ya duba ba. Akwai wani ciniki da ya daɗe yana cinye Turawa, wanda sanin yadda yake aiki zai amfane mu, don ƙannensa sun riga sun iso yankinmu.

Turawa na ce masa taimshiya. An faro shi a Turai cikin shekarun 1960, kuma kamfanin Hapimag na Suwizalan, da aka kafa a 1963, yana cikin na farko. Maimakon ka sayi gidan hutu a bakin teku wanda mako ɗaya kacal za ka kwana a ciki duk shekara, sai ka sayi wannan makon kawai, sauran makonnin a sayar wa wasu. Kamar watanda ne: jama'a su haɗa kuɗi a sayi sa, kowa ya ɗauki kashinsa. Sai dai a watanda kowa ya ga san da idonsa, an yanka a gabansa, kuma da an raba nama magana ta ƙare. A nan kuwa ɗaki guda ake sayar wa mutum hamsin, kowane ya biya kuɗi mai tsoka, sannan duk shekara a aiko masa da takardar kuɗin gyara da kula da gini, ko ya je ko bai je ba. Kuɗin nan hawa yake yi, ba ya sauka. Wasu yarjejeniyoyin ma ba su da ranar ƙarewa, har magada su gaji biyan. A 2015 ne Kotun Ƙolin Sifen ta soke irin waɗannan, bisa dokar ƙasar ta 1998 da ta ƙayyade shekara 50.

Cinikin a kansa ba haram ba ne a dokokinsu, kuma akwai masu jin daɗinsa. Ɓarnar tana wajen sayarwa. Za a tare mutum a titi a ce ya ci kyauta, ya zo otel ya karɓa. Yana shiga sai a zaunar da shi sa'o'i, wannan dillali ya gaji wani ya karɓa, ana nuna masa hotuna, ana ce masa jari ne da zai riƙa tsada. Daga ƙarshe “manaja” ya fito da rangwame na musamman, amma na yau ne kaɗai, in ka fita ƙofa ya wuce ka. Duk dabarar a nan take: kada ka samu dare ɗaya ka kwana da maganar, kada ka shawarci kowa.

Wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne John Palmer, ɗan Ingila da ya kafa daularsa a tsibirin Tenerife. A 2001 kotun Old Bailey ta Landan ta yanke masa shekara 8 bayan an same shi da cutar mutum sama da 16,000, da yawansu tsofaffi masu cin fansho. Salonsa abin lura ne. Waɗanda suka riga suka sayi mako suna neman rabuwa da shi yake nema, ya ce zai sayar musu da tsohon da riba, muddin sun sayi sabo a wurinsa. Sai mutum ya wayi gari da biyu, tsohon bai sayu ba. An harbe Palmer a gidansa a Essex a 2015, amma salon bai mutu ba. A Meziko, ƙungiyar masu fataucin ƙwaya ta Jalisco ta buɗe ɗakunan buga waya a yankin Puerto Vallarta. Su kira mai mako su ce an samu mai saye, sai dai ya fara biyan haraji. In ya biya, ga kuɗin lauya. In ya farga, wasu su kira a matsayin jami'an gwamnati masu ƙwato masa haƙƙinsa, su ma da nasu kuɗin. Hukumar FBI ta ce tsakanin 2019 da 2023 Amurkawa kimanin 6,000 sun kai ƙarar asarar kusan dalar Amurka miliyan 300.

Mai karatu a Filinge zai ce ina ruwana da hutu a bakin teku. To, hajar ta zo mana ta wata ƙofa. Kamfanin QNET, da aka kafa a Hong Kong a 1998, yana sayar da agogo da kayan ado da na lafiya, har da takardun hutu a otel-otel, ta hanyar wannan ya jawo wancan. Da sunansa aka yaudari samari da yawa a Afirka ta Yamma: aboki ko ɗan'uwa ya bugo waya daga Gana ko Kodebuwa ya ce ga aiki, wani lokaci ma a ce hanyar Kanada ce, a zo da kuɗin rajista. A sayar da tumaki ko a jinginar da gona. Yaro ya isa ya tarar ba aiki, sai gida cike da irinsa, da umarnin ya jawo mutum biyu kafin ya ga ko dala. Kamfanin ya sha cewa shi ba ya ba da aiki ko biza, ɓata-gari ne ke fakewa da sunansa. Duk da haka Burkina Faso ta haramta harkokinsa a Yulin 2024. Ni tambayata ɗaya ce: saurayin da ko fasfo ba shi da shi, me zai yi da kwana bakwai a otel ɗin Malesiya? Ba don ya kwana aka sayar masa ba, don ya samu abin da zai ce ya saya ne.

A 2008 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ba mai saye kwana 14 ya janye ba tare da faɗin dalili ba, ta kuma hana karɓar ko sisi a cikin kwanakin. Almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ciniki a kan zaɓi ya halatta, da wa'adin da za a gwada kaya ko a yi shawara, kuma ba a shardanta biyan kuɗi a cikin wa'adin. Mukhtasar na Khalil ya kai wa'adin gida wajen wata guda. Wato shekara dubu ke nan malamanmu na Malikiyya suna karantar da abin da Turai sai da aka cinye dubbai ta rubuta. Dillalin da ya ce “yau ko ka rasa” wannan haƙƙi yake son ƙwacewa.

Haka abin yake ga filayen bayan Yamai da ake tallatawa a WhatsApp, a nuna maka zane da lamba, ka biya kana Abijan, daga baya ka iske mutum uku riƙe da takardar fili ɗaya. Ofishin magajin gari yana nan, kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna nan a matakin gari da gunduma, kuma kuɗin tura ɗan'uwa ya taka filin da ƙafarsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na asarar ba.

Wanda kuma ɗansa ya riga ya faɗa hannun masu fakewa da sunan QNET, kada ya fara da zagi. Kunya ce ke tsare yaran nan a gidajen, har su gwammace su jawo ƙaninsu da su dawo hannu biyu. In ya bugo yana neman ƙarin kuɗi don “a kammala takardu”, kada a tura. A nemi sarkin zango ko wani dattijon ƴan Nijar a garin ya je ya gan shi ido da ido, kuma tikitin mota a saya masa kai tsaye a tasha, ba a aika kuɗin ta lambar da aka ba shi ba.