Dagi Da Aska Takwas A Kwamfutar Yaranmu: Wa Zai Raɗa Musu Suna?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da yaro yana zane a irin kwamfutar nan ta hannu mai kama da allo, ko a babbar wayar mahaifinsa, zai lura da wani abu. Manhajojin zane suna zuwa ne da tarin alƙaluma, waɗanda masu harkar ke kira buroshi, kowanne da irin abin da yake zubarwa idan an ja shi da yatsa. Wani ya zubo da ƙanƙarar hunturun Turai, wani kuma ganyen itatuwan da ba su taɓa tsirowa a ƙasarmu ba. Yaron Gagarawa ko na Sule Tankarkar zai yi ta ja yana murna, alhali hular da ke kansa, da tabarmar da yake zaune a kai, da faifan da aka rufe masa fura da shi, duk cike suke da zanen da ya fi waɗancan tsari, amma ba ko ɗaya daga cikinsu a cikin na'urar.

Ko shakka babu, waɗannan kwamfutoci ba su cika gidajen masarautar Gumel ba, kuma inda suke ma akwai matsalar wuta. Sai dai kullum ƙaruwa suke yi, don haka gara mu yi maganar abin da za a zuba a cikinsu tun yanzu.

Bari in fara da yadda buroshin yake, domin mutane da yawa sun ɗauka wani tsafi ne. Hasali ma ɗan ƙaramin hoto ne guda ɗaya, kamar hatimi, wanda na'urar ke ta bugawa a bin sawun yatsa. Idan aka matse tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, sai ya fito kamar layi. Idan aka buɗa tazarar, sai ya fito kamar sarƙa, kowane hatimi a rarrabe. Wato wanda ya zana dagi ɗaya da baƙar tawada a farar takarda, ya ɗauki hotonsa da waya, ya riga ya gama rabin aiki. Manhajoji irin su Procreate, wadda ta fito a 2011, da Krita, wadda kyauta ce, duk sun ba da damar mutum ya ƙera nasa buroshin. Haka ma Tux Paint, wadda aka yi musamman domin ƙananan yara tun 2002. Shi kuwa zanen da ke maimaita kansa har ya cika fili, kamar na atamfa, ƙa'idarsa ɗaya ce: a zana shi cikin murabba'i, duk layin da ya fita ta gefen dama ya shigo ta hagu daidai wurin, wanda ya fita ta sama ya shigo ta ƙasa. Mai saƙar tabarmar kaba ta san wannan ƙa'ida da hannunta, ko da ba ta taɓa faɗarta da baki ba.

A nan ne abin ya shafi fagen da nake koyarwa, wato kimiyyar harshe. Hausa harshe ne mai son ninki. Muna cewa tsalle-tsalle da guje-guje, mu maimaita kalma ɗungurungum. Muna cewa yanka, sannan yayyanka, mu maimaita gaɓa ɗaya kawai. Muna cewa ja-ja ko fari-fari, sai maimaicin ya rage kaifin launin maimakon ya ƙara shi. Yaro ɗan shekara 5 yana sarrafa duk wannan ba tare da kuskure ba. Ya san cewa maimaici yana da doka, kuma sauya dokar na sauya ma'ana. To, zanen bakin hula ma haka yake: a jera siffa yadda take, ko a juya ta ta fuskanci 'yar'uwarta, ko a kifar da ɗaya a tayar da ɗaya. Masana lissafi sun tabbatar da cewa hanyoyin jera zane a kan layi guda 7 ne kacal, na cika fili kuma 17, kamar yadda wani masani ɗan Rasha mai suna Fedorov ya nuna a 1891. Malamin firamare da ya fahimci haka zai iya koyar da nahawu da lissafi da zane a darasi ɗaya, da hular ɗalibinsa a hannu.

Amma abin da ya fi damuna shi ne suna. Siffa ba ta saurin ɓacewa, domin hoto na adana ta. Kalma ce ke mutuwa shiru, ba wanda ya yi mata zaman makoki. Tambayi saurayin yau bambancin aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga, ko ka ce ya nuna maka tambari, ko kwaɗo da linzami, ko ya gaya maka mene ne surfani, ka sha mamaki. Ga rigar a jikinsa ranar Sallah, amma sunayen sun tafi tare da tsofaffin maɗinka. Wani Bature, David Heathcote, ya shafe shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin shekarun 1970 yana nazarin ɗinkin Hausawa, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya tsare mana kalmomin sana'a masu ɗimbin yawa. Sai dai kash, waɗannan suna kan kantocin ɗakunan karatu, yaro kuwa ba can yake zuwa ba. Kowane buroshi a manhaja yana da gurbin rubuta suna. Idan yaro ya taɓa sunan "aska takwas" sau 20 a rana domin ya zaɓi alƙalaminsa, ya haddace kalmar ba tare da bulala ba. Kuma a rubuta su da ƙugiyoyinsu, ƙwarya da ƙ ɗinta, kada a mayar da ita kwarya.

Ƙasar Gumel tana da wani dalili na musamman. Mangawa ne suka kafa wannan masarauta wajen 1750, kuma daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo da fadar zuwa Gumel a 1845. Manganci karin harshe ne na Barebari, kuma Hausa ta daɗe tana mamaye shi a wannan yanki. Mu masu nazarin harshe mun san cewa idan harshe na ja da baya, a bakin tsofaffi masu sana'ar hannu yake yin zangonsa na ƙarshe. Saboda haka duk wanda ya fita tattara sunayen zane a nan, ya rubuta kowane suna yadda mai shi ya faɗa, kada ya Hausantar da shi.

Wurin tattarawar ma ba nisa. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis an fi saninta da dabbobi, amma nan ne kayan hannu na tsallaken iyaka da na gida ke haɗuwa: tabarmi, da faya-fayi, da ƙore, da aikin dukawa. Ga kuma Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a cikin garin Gumel, inda ake horar da malaman da za su shiga azuzuwan ƙananan hukumomin nan 4. A ganina aikin ɗalibanta ne. Kowane ɗalibi ya kawo zane 5 daga garinsu, da sunan kowanne, da sana'ar da aka samo shi. Ba sai an jira kwangila ba. Mun ga yadda aka raba wa 'yan firamaren Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci a 2007 da ɗoki mai yawa, shirin kuma bai yaɗu ba. Na'ura ba ta koyar da kanta.

Iyaye masu ɗari-ɗari da zanen abu mai rai za su samu natsuwa a nan, domin yawancin zanenmu layuka ne da kusurwoyi da ƙulli. Sai dai ina jan kunne game da zayyanar allon sauka. A ɗauki adon gefe kawai, a bar ayoyi inda suke, domin abin da yaro zai watsa ya goge da yatsa bai dace ya ƙunshi Alƙur'ani ba.

Saura batun haƙƙi. Da zarar zane ya zama buroshi, kowa na iya kwafarsa, har masaƙar da za ta buga shi a yadi ta dawo ta sayar mana. Ghana ta sanya zanen adinkra da saƙar kente ƙarƙashin kariyar dokar haƙƙin mallaka ta 2005, kuma tamu dokar ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. Kafin a kai ga doka, ɗalibin da ya durƙusa gaban tsohuwa mai faifai a Maigatari ya gaya mata abin da zai yi da hoton, ya sayi faifan a farashinsa, sannan ya rubuta sunan garinta a jikin buroshin.