Bankwanan da ba ya ƙarewa: tsofaffin mawaƙan rock sun haɗa kai, masoyansu sun rabu biyu

Ranar 28 ga watan Janairun 2014, wasu mutum huɗu masu dogon gashi da zane-zane a jiki suka zauna gaban ƴan jarida a wani otal na unguwar Hollywood, a birnin Los Angeles na Amurka. Gaban kowannensu an kafa allo irin na kan kabari, da sunansa a rubuce. Su ne Mötley Crüe, gungun makaɗan da ya yi tashe tun farkon shekarun 1980. Abin da ya tara su shi ne sa hannu a wata takardar yarjejeniya, wadda ta ce da zarar sun gama rangadin da ke gabansu, ba za su sake fita yawon wasa da wannan suna ba. Mai jitarsu, Mick Mars, har cewa ya yi a wata hira ta talabijin, in aka sake ganin sun dawo, to kowa ya zo ya shiga kyauta.

Jama'a suka yarda, suka yi ta sayen tikiti don ganin ƙarshe. An yi wasan bankwana daren 31 ga Disamban 2015 a zauren Staples Center na Los Angeles. A daren nan ne ma na'urar da ke lilo da makaɗin gangunansu, Tommy Lee, a saman ƴan kallo ta maƙale, ta bar shi kai ƙasa ƙafa sama, sai da ma'aikata suka hau suka sauko da shi.

Ba a cika shekara huɗu ba, a Nuwamban 2019, suka saki wani bidiyo inda aka ɗora takardar nan kan tebur aka tarwatsa ta da nakiya. Hujjarsu ita ce fim ɗin tarihinsu, The Dirt, da Netflix ya fitar a Maris na shekarar, ya jawo musu sabbin masoya, yara matasa da ba su taɓa ganinsu a dandamali ba. Makonni kaɗan bayan haka aka sanar da rangadin filayen wasa, kuma ba su kaɗai ba: su da Def Leppard, da Poison, da Joan Jett. Tikiti kuwa ba na kyauta ba ne. Mars ya ce raha yake yi.

Daga nan gardama ta tashi tsakanin masoya wannan kiɗa, kuma har yau ba ta kwanta ba.

Ga wanda bai saba da shi ba, hard rock kiɗa ne da ya tsaya kan jitar lantarki mai ƙara da gurnani, da ganguna masu nauyi, da mawaƙi mai buɗe maƙogwaro. Ya taso a Ingila da Amurka a ƙarshen shekarun 1960, da gungu irin su Led Zeppelin da Deep Purple da Black Sabbath. Kunnen ɗan Nijar ba baƙo ba ne a nan: Mdou Moctar, ɗan jihar Tahoua, ya sha faɗin yadda salon yatsun Eddie Van Halen ya burge shi, Bombino na Agadez kuma ya buɗe wa Robert Plant, tsohon mawaƙin Led Zeppelin, wasanni a Amurka a 2013. Wanda ya taɓa jin yadda jitar Mdou ke kuka in wasa ya yi zafi, ya san ƙofar gidan.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Annobar korona ta sa aka ɗage rangadin sau biyu, daga 2020 zuwa 2021, sannan zuwa 2022. Ya fara ranar 16 ga Yuni a Atlanta, ya ƙare 9 ga Satumba a Las Vegas, wasa 36 ke nan. Mujallar Billboard, mai bin diddigin cinikin wasanni, ta ce an sayar da tikiti miliyan 1.3, kuɗin da aka tara ya kai dala miliyan 173.5. A kuɗinmu ya haura miliyar 100 na sefa. In aka raba, tikiti ɗaya ya tashi sama da jikka 80, ban da kuɗin mota da masauki da abin sha da rigar da ake saye don tunawa.

Lissafin haɗakar a fili yake. Yawancin waɗannan gungu, in su kaɗai ne, zauren mutum dubu goma sha biyar ko ashirin za su cika. Filin ƙwallo mai cin dubu arba'in sai an haɗa masoyan gida uku ko huɗu. Dandamali ɗaya ake kafawa, lasifika da fitilu da manyan motocin dako duk a raba nauyinsu. Ga shi kuma zamanin sayar da faifai da kaset ya wuce, abin da manhajojin sauraren waƙa ke biya bai kama ƙafar na da ba. Mawaƙin da ya haura sittin, in yana son kuɗi mai kauri, sai ya hau dandamali.

Masu goyon baya suna cewa ai riba ce ga mai kallo: da tikiti ɗaya ka ga gungu huɗu da kowannensu ya taɓa mallakar gidajen rediyo, tun daga la'asar har dare ya raba. Iyaye sun zo da ƴaƴansu, wasu har da jikoki. Masu suka kuma suna cewa an sayar musu da guntu-guntu ne. Manyan biyun kowanne ya samu kamar awa ɗaya da rabi, sauran ƙasa da haka, don haka ba a jin komai sai waƙoƙin da kowa ya haddace. Tsohon masoyi mai jiran wata waƙa da ke ɓoye a bayan faifai, haka zai koma gida. Def Leppard, da suka fitar da sabon kundi mai suna Diamond Star Halos a watan Mayun shekarar, sun saka sabbin waƙoƙi a jerin nasu, sai ga wasu na ƙorafin cewa ba abin da suka biya kuɗi su ji ba ke nan. Ba a iya wa ɗan kallo.

Sai batun girma: wa zai rufe taro? An sasanta da karɓa-karɓa, yau Mötley Crüe ne na ƙarshe, gobe Def Leppard. Abin ba ƙarami ba ne, domin lokacin zafi a Amurka rana ba ta faɗuwa da wuri, wanda ya hau da sauran haske kuwa fitilunsa da wasan wutarsa ba sa armashi. Joan Jett, wadda ta girmi wasu daga cikinsu a harkar, takan hau ne mutane na kan layin shiga. Abin dariyar shi ne, a garuruwa da dama masu sharhi sun ce Poison, da ba su cikin rigimar rufe taro, su suka fi tayar da ƙura.

Hannu ne ke kaɗawa, ko na'ura?

Gardamar da ta fi zafi ba ta kuɗi ba ce, ta amana ce.

Tun daren farko a Atlanta abubuwa suka fara nuna shekaru. Tommy Lee ya shaida wa ƴan kallo cewa ya karya haƙarƙari huɗu, ya kaɗa waƙa uku ya sauka, Tommy Clufetos, wanda ya yi aiki da Ozzy Osbourne, ya ƙarasa. A ƙarshen Yuni aka kwantar da mawaƙin Poison, Bret Michaels, a asibiti, gungun bai hau ba a Nashville. Muryar Vince Neil ta Mötley Crüe kuwa dama an daɗe ana magana a kanta, tun bidiyon da ya yaɗu a 2021 inda ya tsaya tsakiyar waƙa ya ce muryarsa ta tafi. Duk wannan masoya na iya yafewa, jiki da jini ne.

Abin da ya biyo baya shi ne mai wuyar haɗiyewa. A Oktoban 2022 aka sanar cewa Mick Mars, mai shekara 71 a lokacin, ya daina yawon wasa saboda ciwon ƙashin baya da ke sandarar da gaɓoɓi, wanda yake fama da shi tun yana saurayi. Aka ɗauki John 5 a gurbinsa. A Afrilun 2023 Mars ya kai abokan tafiyarsa na shekara arba'in ƙara, yana cewa suna neman korarsa daga kamfanin gungun da zaftare kasonsa. A cikin takardun ƙarar ya yi zargin cewa a rangadin 2022 sautin jitar bas ta Nikki Sixx naɗaɗɗe ne aka riƙa sakawa, haka ma wani ɓangare na murya da ganguna. Ɓangaren gungun ya musanta, ya mayar da martani cewa Mars ɗin ne ke mantuwa yana kaɗa kuskure, har sai masu kula da sauti sun rufa masa asiri.

Ko wane ne mai gaskiya, ɗan kallo ne ya ji kunya a madadinsu, domin duka ɓangarorin biyu sun yarda akwai abin da ya fito daga lasifika wanda ba daga hannun da ake kallo ya fito ba. A kiɗan pop an daɗe da sabawa da haka, mai rawa da tsalle ba zai iya riƙe numfashi ba. Amma rock ya gina alfaharinsa ne a kan cewa ga mutum huɗu, ga kayan kiɗa, abin da ka ji shi suka yi, da kuskurensa da komai. Wasu masoyan na cewa a filin mutum dubu arba'in ba wanda ya zo jarrabawa, nishaɗi aka zo yi. Ni dai ina ganin wanda ya cire jikka 80 yana da haƙƙin a gaya masa abin da ya saya.

A nan ne masoyan Def Leppard ke ɗaga kai. Gungun ya fito daga Sheffield, garin masana'antun ƙarfe a arewacin Ingila, kuma mawaƙinsu Joe Elliott ya sha nanata cewa muryoyin da ake ji a wasansu nasu ne. Sannan suna da labarin da ba wanda ke musu a kansa. Ranar 31 ga Disamban 1984, makaɗin gangunansu Rick Allen, yana da shekara 21, ya yi hatsarin mota kusa da Sheffield ya rasa hannun hagu. Ba su sallame shi ba. Aka ƙera masa ganguna masu lantarki da matakai, ƙafar hagu ta karɓi aikin hannun da ya tafi, ya koyi kiɗa daga farko. A Agustan 1986 ya hau dandamalin Donington gaban dubban mutane, shekara ɗaya bayan nan suka fitar da Hysteria, kundin da ya sayar da sama da kwafi miliyan 20. Tun 1992, lokacin da Vivian Campbell ya maye gurbin marigayi Steve Clark, mutum biyar ɗin nan ba su canja ba. Na'ura ce ke taimakon Allen shi ma, amma kowa na ganin ƙafarsa na aiki.

Duk da hayaniyar, kasuwa ba ta faɗi ba. A 2023 gungun biyu suka zarce zuwa Latin Amurka da Turai, suka yi wasa a filin Bramall Lane na Sheffield da Wembley na Landan, ƴan uwa mazauna Faransa kuma sun gan su a bikin Hellfest na garin Clisson. A 2024 Def Leppard suka sake ɗaura wata haɗakar da Journey.

Wa ya fara lashe amansa?

In za a yi adalci, ba Mötley Crüe suka ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, sun dai fi kowa yin ta da ganga. KISS sun yi rangadin bankwana a 2000, amma wasansu na rufewa sai 2 ga Disamban 2023 a Madison Square Garden na New York. Scorpions na Jamus, masu Wind of Change, sun sanar da ajiye aiki a 2010, daga baya suka ce sun fasa. Shi kansa Ozzy Osbourne ya yi rangadi a 1992 da ya sa wa suna No More Tours, wato ba sauran yawo, ya dawo bayan shekara uku. Shi ya sa yanzu in aka ce "na ƙarshe", tsofaffin masoya sai su yi murmushi, su kuma sayi tikitin duk da haka.

Dalilin sayen ba wauta ba ce. Wata rana maganar za ta zama gaskiya, kuma ba a sanar da ranar. Aerosmith sun fara nasu rangadin bankwana a Satumban 2023, wasa uku kacal suka yi Steven Tyler ya ji rauni a maƙogwaro. A Agustan 2024 suka ce sun daina yawon wasa, waɗanda suka riƙe tikitin sauran garuruwa aka mayar musu da kuɗinsu.

Haɗaka mafi girma ta wannan zuriya ta zo ne ranar 5 ga Yulin 2025, a filin ƙwallon Villa Park na Birmingham, unguwar Aston inda ƴan Black Sabbath suka tashi. Metallica da Guns N' Roses da Slayer da Pantera, waɗanda kowannensu ke rufe taro a ko'ina, suka yarda da ƴan mintoci, ba wanda ya yi rigimar wa zai zo ƙarshe. An ce ribar ta wasu cibiyoyin jinƙai uku ce, ciki har da asibitin yara na Birmingham da wata gidauniyar yaƙi da cutar Parkinson, wadda Ozzy ke fama da ita. Shi da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward suka hau tare, karon farko cikin shekara ashirin. Ozzy bai iya tsayuwa ba, a kan wata baƙar kujerar sarauta ya zauna ya yi waƙa, muryar na rawa a wasu wurare, filin kuma na ɗauka masa.

Kwana 17 bayan wasan, ranar 22 ga Yuli, ya mutu yana da shekara 76.