Dashe a lokacin hunturu

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ake bikin dashen itatuwa a ƙasar Nijar. Ƴan makaranta suna dasa mangwaro, da gwaba, da lemu. Lokacin damina ce, sama ke shayar da su. Amma ku zagaya cikin watan Fabrairu ku duba. Ramu da yawa, sai busasshen tsinke za ku tarar. Mutane sukan ce sanyi ya kashe su. Anya kuwa sanyin ne?

A arewacin Faransa sanyi yakan sa ruwa ya zama ƙanƙara. Can, cikin manyan akwatuna ake dasa lemu. In sanyi ya zo, sai a shigar da shi ɗaki. Mu a Tasawa da Mayahi ba mu san wannan ba. Ko cikin Janairu da asuba, ma'aunin zafi bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. Wannan ba ya kashe mangwaro. Iska ce babbar abokiyar gabarsa.

Iskar hunturu daga hamada take fitowa, ta arewa maso gabas. Busasshiya ce ƙwarai. Ku dubi leɓunanku da dugaduganku yadda suke tsagewa. Haka take yi wa icce. Ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita. In iska tana busawa wuni guda, ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke jawowa. Goribar Gulbin Kaba ba ta damu ba, ta saba da fari. Amma dashen wata biyar saiwarsa gajera ce, ga shi rairayin jigawa ba ya riƙe ruwa.

Saboda haka a yi wa kowane dashe darni na kara ko na zana. Ya fi tsawo da kauri ta wajen da iska ke fitowa. Kada a rufe sama, icce yana son rana. Darnin yana da wani amfani kuma. Bayan an gama aikin hatsi ana sakin dabbobi, ga ciyawa ta bushe. Akuya ta hangi ɗanyen ganye, me kuke zato? Kara kaɗai ba ya tsare ta, don shi ma ci take. Sai an kewaye shi da ƙayar magarya ko ta aduwa. Reshe za a sara, ba iccen duka ba.

A yi gurbi kewaye da gindin dashe, a zuba bokiti guda da safe ko da marece, sau uku a mako. Wannan ya fi yayyafi na kullum, don ruwa mai nutsewa shi ke jan saiwa ƙasa. Wanda ke da tsohon tulu ya huda shi kaɗan, ya binne shi kusa, ya cika, ya rufe bakin. A shimfiɗa ƙaiƙayi ko ɓawon gujiya bisa gurbin don laima ta daɗe. Amma a bar faɗin tafin hannu tsakaninsa da gindin icce, a barbaɗa toka, saboda gara.

Babban mangwaro kuwa, shi sanyin nan alheri ne gare shi. Sanyi da ƙishirwa ke sa shi fure. Masu garka sukan rage masa ruwa bayan damina, sai ƴaƴa sun ɗaura su koma shayar da shi.

Hutun ƙarshen Disamba shi ya fi ba ni tsoro. Makaranta tana rufe, iska tana kan ganiyarta. Kafin a tashi, kowane aji ya rubuta sunayen masu ban-ruwa, da ranar kowa, a liƙa takardar a ƙofar aji.